Kafin a gyara filin Hilal da na Marikh, a tuna da Masalma

Duk inda ɗan Hilal da ɗan Marikh, wato magoya bayan manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu na Sudan, suka zauna wurin mai shayi, ko a Kasala ne ko a Gadarif, ko a Alƙahira da Jidda inda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya watsa wasunmu, ba a daɗewa sai gardama ta kai ga wace ce babba a shekaru. Ɗan Hilal zai ce tasu an kafa ta ranar 13 ga Fabrairu 1930, Marikh kuwa ta 1927 ce, shekara uku ba abin ɗaga kai ba ne. Ɗan Marikh sai ya ajiye kofinsa ya ce a yi gyara: a 1927 suna kawai aka canza, ƙungiyar tun 1908 take, a lokacin ana ce mata Masalma. Daga nan sai a koma lissafin kofuna, a bar Masalma ɗin inda aka ambace ta.

Ni ɗan Marikh ne tun ina yaro, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma na ɗauko 1908 yau ne saboda an fara maganar sake gina ƙwallon Sudan bayan abin da yaƙi ya yi mata, kuma duk wanda ka ji yana wannan magana, filin Hilal da filin Marikh da babban filin Khartum yake nufi. A ganina an kama aikin ta inda bai dace ba. Ƙwallon ƙasar nan a unguwa aka haife ta, a unguwa ta yi ƙarfi, kuma ƙungiyoyin unguwa ne yaƙin ya fi karyawa, ga shi ba mai yi musu kuka a rediyo. Mu Hausawan Sudan abin ya fi shafarmu, domin rabonmu a tarihin wannan wasa kusan duka a can ƙasa yake, a filayen ƙura, inda ba a rubuta komai.

Masalma unguwa ce a tsohon garin Umdurman, unguwar da aka san ta da zaman Kibɗawa Kiristoci da Musulmi gida na jingine da gida. Turawan Ingila ne suka shigo da ƙwallo bayan sun ci ƙasar a 1898, sojojinsu na bugawa a bariki, malamansu na koya wa ɗalibai a Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902. Wasu daga cikin ɗaliban nan 'yan Masalma ne. Abin da suka koya a makaranta sai suka haye kogi da shi zuwa gida, suka haɗa ƙungiya, suka sa mata sunan unguwarsu. Ba albashi, ba kwantiragi, ba attajirin da ya tsaya musu. A duba wannan da kyau: hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan sai a 1936 aka kafa ta. Wato shekara 28 ke nan yaran unguwa na haɗa wasa, suna sa rana, suna sasanta rikicinsu, babu wata hukuma a kansu. Ƙungiya ce ta riga hukuma zuwa, kuma unguwa ce ta riga ƙungiya.

Masalma ba ita kaɗai ba ce. Murada, wadda aka kafa a 1927, sunan unguwar bakin kogi ce a Umdurman, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, inda kasuwar kifi take. Hayyul Arab ta Fot Sudan, ta 1928, ita ma sunan unguwa ne. Haka Burri, haka Tuti, haka Shambat, haka Jaziratul Fil ta garinmu Madani. Ka bi layin dogo ka gani: Atbara, hedikwatar ma'aikatan jirgin ƙasa, ta zama gidan ƙwallo tun da wuri, kuma duk tashar da jirgi ya tsaya, ma'aikata da 'yan makaranta sun sauka da ƙwallo a hannu. Wanda ya sa rigar irin wannan ƙungiya ya san idan ya yi sakaci a fili, gobe da asuba zai haɗu da waɗanda suka gan shi a sahun masallaci.

Akwai kuma abin da ya wuce wasa. Bayan boren 1924 na ƙungiyar Farar Tuta, wanda Ali Abdullaɗif ya jagoranta, Turawa sun matsa wa taruka lamba. Gidan kulob, wanda muke ce wa nadi, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da samari masu ilimi za su haɗu ba tare da an tambaye su me ya tara su ba. Waɗanda suka kafa Hilal tsofaffin ɗaliban Kwalejin Gordon ne, kuma har yau cikakken sunanta yana ɗauke da kalmar tarbiyya. Ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan a jikin allonsu an rubuta cewa na wasanni ne da al'adu da zamantakewa, kuma a da da gaske ake nufi. A nadi ake karatun dare, a nan ake sauraron rediyo tare, a nan ake tara gudummawa idan wani ya yi rashi.

Daga irin waɗannan gidaje Sudan ta kai inda ta kai. Shekara ɗaya da 'yan makonni bayan samun 'yanci, a Fabrairu 1957, wakilan Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu suka zauna a Khartum suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. A watan nan aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko, a Khartum ɗin, da ƙasashe uku kacal, saboda Afirka ta Kudu ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da fari. Mutumin da ya tsaya kai da fata a kan wannan aiki daga ɓangaren Sudan, Dakta Abdulhalim Muhammad, likita ne mai duba marasa lafiya, ƙwallo hidima ce ya ɗora wa kansa. Sudan ta zo ta biyu a 1959 da 1963. A 1970 gasar ta dawo gida, aka raba wasannin tsakanin Khartum da Madani, muka fitar da Masar da ci 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, sannan muka doke Gana da ci ɗaya mai ban haushi ta ƙafar Hasabu Saghir. Shi ne kofin Afirka ɗaya tilo da muke da shi. Jaksa da Ali Gagarin, taurarin wannan tawaga, da abokansu ba su fito daga wata makarantar horo irin ta Turai ba, domin babu ita a ƙasar. 'Yan wasan zamanin ɗalibai ne da ma'aikata, sai an tashi aiki a je fili da la'asar. Ali Gagarin ma daga baya aikin jakadanci ya yi.

To mu ina muke a cikin wannan labari? Lokacin da yaran Masalma ke haɗa ƙungiyarsu, kakanninmu ba su daɗe da sauke kaya a bakin Shuɗin Nilu ba. An yi yaƙin Burmi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Garin Mai Wurno da ƙungiyar Masalma kusan sa'o'in juna ne. Ga kuma alhazan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka, zango ya zama gida. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da guminmu aka yi aikin. Mun zauna a Madani da Gadarif da Kasala da Damazin da Ubayyid da Fot Sudan, da unguwar Ushash a Khartum. A duk waɗannan wurare yaranmu sun buga ƙwallo, sun kafa ƙungiyoyi, sun yi gasa tsakanin unguwa da unguwa. Ɗauki kowane littafin tarihin ƙwallon Sudan ka nemi sunayen waɗannan ƙungiyoyi.

Dalilan ɓacewarmu daga takarda suna da yawa, wasu daga gida, wasu daga waje. Na gida shi ne iyayenmu ba su ɗauki ƙwallo a bakin komai ba. Yaro na makarantar allo da safe, yana gona ko kasuwa da rana, in an gan shi a fili to ya gudu ne. Ba na zargin iyayen nan, mutane ne da suka bar ƙasarsu don addini, kuma wasan daga hannun waɗanda suka kore su ya fito. Na waje ya fi ciwo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi ya faɗa wajen layi ke nan, ko da a nan aka binne cibiyarsa da ta ubansa. An sassauta dokar daga baya, amma tsara guda ta wuce a haka. Yaron da ba shi da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, hanyarsa ta samun katin ɗan wasa a hukuma ta yi ƙunci, komai iyawarsa. Wasu da suka samu suka haye kuwa sun koyi yin shiru game da gidan da suka fito, saboda sun san yadda ake furta kalmar Fallata, sunan da ake kiran masu asalin Afirka ta Yamma da shi, a bakin 'yan kallo idan mutum ya zubar da ƙwallo.

Bari in faɗi yadda tamu take, a unguwarmu ta Madani, don wanda bai taɓa gani ba ya san abin da nake cewa ana asara.

Ƙanana da ƙwallon safa suke farawa: tsohuwar safa a cusa mata tsumma da auduga, a murɗa, a juya, a ɗinke bakin. Idan yaro ya ɗan tasa sai ya shiga dafuri, wasan la'asar da ba alƙali, ba riga iri ɗaya, duwatsu biyu ne raga, kiran sallar magariba ne usur na ƙarshe. A gefen filin nan manya ke tsayawa suna zaɓe. Wanda suka ga yana da ƙafa sai a kai shi wurin wani dattijo tela da ke da shago a bakin titi. Shi ne ma'aji, shi ne sakatare, shi ke ɗinka lamba a bayan riga da kyallen da ya rage masa daga ɗinkin mutane. Baba muke ce masa duka, har waɗanda suka yi aure. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a aljihun keken ɗinkinsa. A ciki akwai sunan kowane yaro da sunan ubansa, da ranar da ya shiga, da kuɗin watan da ya biya, da sakamakon kowane wasa har da wanda ya ci. Idan ka je ka ce, "Baba, wannan watan ba ni da shi," ba ya ɗaga kai daga keken, sai ya ce, "To yarona, ka kawo sabulu ranar Alhamis, kai za ka wanke riguna." Ya rubuta hakan a gaban sunanka. Kuma kafin ya ba ka riga sai ya je gidanku da kansa ya gaida mahaifinka, ya yi alkawarin cewa ba za ka rasa sallar magariba a jam'i ba. Da wannan alkawari ya shawo kan iyaye da yawa.

Wannan littafi ya haɗa tsara uku. Da yaƙi ya shigo Madani a Disamba 2023, iyalansa suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Da aka dawo ba keke, ba littafi. Shi kansa Baba, Allah Ya jiƙansa, a gudun hijira ya rasu. Yanzu in ka tambaye ni wa ya tsare mana raga a shekarun 1970, sai dai in aika ka wurin wasu tsofaffi biyu ko uku, su ma kowanne yana wani gari.

Amma kada a ɗora wa yaƙi laifin komai. Tun kafin a harba harsashi na farko ƙungiyoyin unguwa ke ramewa. Tun da aka fara gasar ƙasa, in ka cire Murada da ta ci a 1968 da 1988, da Burri a 1969, da Hilal ta Fot Sudan a 1992, duk sauran kofunan tsakanin Hilal da Marikh suke. Tun 1992 ba wata ta uku da ta ɗaga shi. Murada da a da ake lissafa ta cikin manya uku na Umdurman ta kai ga faɗuwa daga rukunin farko. Kuɗi ya taru a gida biyu, jaridun wasanni suka rabu biyu, yaron da ke Sinja ko Kosti ya san sunan mai tsaron ragar Hilal na ajiya amma bai san kyaftin ɗin ƙungiyar garinsu ba. Da attajirai suka karɓi ragamar manyan biyun, sai ya zama sayo ɗan wasa daga waje ya fi sauƙi a kan zuwa gefen dafuri a tsaya a rana. Ba ni da ƙorafi a kan baƙin da suka zo. Kelechi Osunwa ya ci ƙwallaye a riga shuɗiya ta Hilal da ja ta Marikh, Stephen Worgu ya zo daga Enyimba, Endurance Idahor kuwa a filin wasa ya faɗi ya rasu sanye da rigar Marikh a Maris 2010, kuma mun yi kukansa kamar ɗan gida. Sai dai Marikh ɗin da ta ɗauko kofin zakarun kofuna na Afirka a 1989, bayan ta doke Bendel United ta Najeriya, da Hamid Biraima a raga, 'ya'yan ƙasa ne suka ɗauko shi. Har yau shi ne babban kofin nahiya ɗaya da wata ƙungiyar Sudan ta kawo gida, duk da kuɗin da aka zuba bayan nan. Manyan ƙungiyoyinmu sun yi abin da manomi ke yi idan ya cinye irin shuka a rani: shekarar ta yi daɗi, damina ta zo ba abin sa wa ƙasa.

A lokaci guda filayen ma suna tafiya. Namu na farko, wanda yayyenmu suka share da hannunsu, wata rana aka wayi gari an kafa masa turaku, aka yanka shi shaguna. Da dattawa suka je tambaya aka ce su kawo takardar da ta nuna filin na ƙungiya ne. Babu ita, domin ba wanda ya taɓa tunanin filin da kowa ya san na yara ne yana bukatar takarda.

Wani zai ce ai an taɓa gwada abin da kake faɗa, aka ga ƙarshensa. Gaskiya ne a 1976 Shugaba Numairi ya rusa ƙungiyoyi da sunan mayar da wasanni hannun talakawa. Abin bai daɗe ba aka janye, amma ɓarnar ta riga ta auku: 'yan wasa suka watse, wasu suka haye zuwa ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, kuma bayan gasar 1976 Sudan ba ta sake zuwa gasar cin kofin Afirka ba sai 2008, shekara 32. Wannan ya isa darasi. Abin da Numairi ya yi umarni ne daga sama, ya rusa abin da mutane suka gina da hannunsu, har da ƙananan ƙungiyoyin da ya ce yana kishinsu. Ni ban ce a taɓa Hilal ko Marikh ba. Su ne tutarmu a waje, kuma a shekarun nan na baƙin ciki sun riƙe ta. Da aka dakatar da gasar gida bayan 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, Muritaniya ta buɗe musu ƙofa suka buga gasarta ta 2024 zuwa 2025, Hilal ta ƙare a saman tebur, daga baya Ruwanda ta karɓe su. Tawagar ƙasa a hannun Kwesi Appiah ta doke Gana da ci 2 da nema a Libiya, ta samu gurbin gasar Afirka ta Maroko ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba. Na ga mutanen da suka rasa gidajensu suna rungumar juna a gaban talabijin ɗin wani shago a daren. Duk wannan na yarda da shi. Abin da nake cewa shi ne manya sun sami mafaka saboda suna da suna da kuɗin jirgi. Ƙungiyar unguwa ba ta da Muritaniyar da za ta gudu. Kuma 'yan wasan da suka faranta mana rai a wannan dare, kafin yaƙi suka koyi ƙwallo. Yaron da ke da shekara 10 a 2023, a ina yake koyo yanzu?

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, kuma daga bakin mutanen kirki nake jin ta: mutane na kwana da yunwa, asibitoci a rushe, yara sun yi shekaru ba makaranta, kai kana zancen ƙwallo. Ba na raina wannan magana, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin rijiya da raga, rijiya zan zaɓa. Sai dai a duba su wa suka riƙe unguwanni da gwamnati ta ɓace. Samarin unguwa ne suka kafa tukwanen takiyya, wato girkin taimakon jama'a, suna dafa adas da ful, nau'o'in wake ne, suna rabawa gida gida. A inda na sani, waɗanda suka fara ɗaura tukunya su ne waɗanda suka saba tara kuɗin riga da na motar zuwa wasa. Sun san gidan kowa, sun san wa za a ba ajiya, sun saba rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A nadi suka koyi wannan. Sannan ga samari da yawa da yaƙi ya koya wa riƙe bindiga, za su dawo unguwa ba aiki ba makaranta. Wanda ke ganin fili da riga da babban da za a ji kunyarsa da la'asar ƙaramin abu ne ga irin wannan yaro, bai zauna da su ba. Kuma kuɗin da ake bukata kaɗan ne. Abin da za a kashe wa fitilun babban fili ɗaya zai sayi ƙwallaye da raga da riguna na unguwanni masu yawan gaske.

Ina da gargaɗi ga 'yan'uwana. Bayan rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Shuɗin Nilu a Yuli 2022, da jinin da aka zubar da mutanen da aka raba da gidajensu, na ji samarinmu na cewa mu kafa ƙungiyoyi namu na Hausawa zalla, da sunan Hausa, kowa ya san namu ne. Na fahimci zafin da ya haifi wannan magana, ni ma ina jin sa. Amma ban goyi baya ba. A littafin Baba akwai yaran Hausawa da na Barno da na Fulani da na Nuba da na Ja'aliyyin, sharaɗin kawai a ce gidanku na cikin unguwa. Da Hausa ake zagin wanda ya ƙi ba da ƙwallo, da Larabci ake roƙon alƙali, ba wanda ya damu. Yaron maƙwabta da ya sha ruwa a randar gidanku bayan wasa shekara da shekaru, da wuya a zuga shi ya zo ya cinna wa gidan wuta. Ƙungiyar ƙabila za ta tara mu wuri ɗaya ta ware mu, ta kuma ba masu cewa mu baƙi ne abin nunawa. Masalma da aka fara da ita unguwar masallaci da coci ce, kuma sunan unguwar ta ɗauka.

Aikin da ke gabanmu na farko ba ya jiran gwamnati. Kowace unguwa tana da tsofaffin 'yan wasa, kuma kusan kowane saurayi na da waya. A je a durƙusa a gaida su, a ce, "Kawu, ba mu labarin ƙungiyarku," a danna ɗaukar murya a bar su su yi ta zuba. Wa ya kafa ta, a wace shekara, ina filin yake, wace kala ce rigar, wa aka doke, wa ya tafi babbar ƙungiya, wa aka hana saboda takarda. A tambayi iyaye mata ma, su suka wanke rigunan, su suka san wanda ya karye aka yi jinyarsa a ɗakin wa. Tsofaffin hotunan da suka tsira a ɗauke su da waya, a rubuta sunan kowa daga dama zuwa hagu tun akwai mai gane fuskokin, a tura wa 'yan'uwa a garuruwa daban daban don kada su sake zama a aljihun keke ɗaya. A yi da Hausa a yi da Larabci. Yaƙin nan bai bar gidan tarihi na ƙasa ba, bai bar ɗakunan karatu na jami'o'i ba, balle kwalin takardun wani nadi. Abin da ya rage yana cikin kawunan mutanen da suka haura 70, kuma gudun hijira na cin tsofaffi da sauri.

Rubutun nan yana da amfani har ta fuskar kuɗi, abin da da yawa ba su sani ba. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar tana da rajista a hukuma, kuma sunan yaron na cikin takardunta. Ƙungiyar da ba ta da rajista ta yi wa wasu reno ke nan kyauta. Don haka ina kira ga hukumar ƙwallo ta ƙasa da rassanta na jihohi su sauƙaƙa rajistar ƙananan ƙungiyoyi, su yafe kuɗinta na wasu shekaru, su kuma kafa irin wannan kaso a cinikin cikin gida, yadda duk yaron da Hilal ko Marikh ta ɗauka, wani abu zai koma unguwar da ta koya masa. Kuma kada a mayar da yaro baya don takardunsa sun ƙone ko sun ɓace a hanya. Shaidar limami da mai unguwa ta isa a ba shi katin wasa na wucin gadi.

Mafi gaggawa shi ne filaye. Mutane na komawa Madani da Sinnar da Umdurman, takardun filaye da yawa sun salwanta, kuma a irin wannan lokaci ne masu ido da kuɗi ke kafa turaku. Fili mara gini, mara katanga, mara takarda, shi za a fara ɗauka. Kwamitin kowace unguwa ya auna filin yaransa yanzu, tsawo da faɗi, liman da mai unguwa da dattawa su sa hannu, a kai ƙaramar hukuma a nemi a rubuta shi da sunan unguwa a matsayin filin wasa da ba a sayarwa, a karɓo kwafi mai hatimi. Kafin takardar ta fito a kafa ƙarafan raga da siminti a share filin a fara dafuri, ko da ƙwallon safa ne, domin filin da ake wasa a kansa kullum da la'asar ya fi wuyar yankawa.